Sawun Buta Mai Ƙafa Uku

Ranar da mijina Surajo ya kwana takwas a kabari na gano babu butar. Da safe ne, masu gaisuwa sun ragu, na ɗauko tsumma zan goge kantar da ke bakin ƙofar kicin. Butoci huɗu ne a kanta. Na ƙirga na ga uku. Na sake ƙirgawa, kamar uku za ta ji kunyata ta koma huɗu.

Da cikin nasa ne aka ɗauka, wallahi da na yi shiru. Wanda ya rasa miji ba zai tsaya kukan buta ba. Amma wadda ta ɓata ba tamu ba ce.

Surajo karatun ƙasar noma ya kawo shi Greensboro, ni kuma na biyo shi a 1979, ina yi wa mata kitso a falo. A ɗakin gwajin ƙasa na jami'a ya haɗu da Mista Kuo, wani tsoho Basine mai gyara musu na'urori. Shi ya koya masa shan shayi a butocin yumɓu 'yan ƙanana, jajaye masu duhu, ba fenti ba ƙyalli. Da aka yi wa tsohon aiki a ciki, likita ya hana shi shayi, sai ya kawo wa Surajo butarsa. Ya ce ta mahaifinsa ce, da ita ya baro garinsu yana saurayi, kuma irin wannan buta ba a barinta ta zauna. Kullum sai an jiƙa mata ganye iri ɗaya an goge ta da hannu. Shekara biyu Surajo yana yi mata wannan bauta. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, bai ce mini komai a kan gida ko mota ba. Cewa ya yi, "Kubura, butar nan Ludayi ta Mista Kuo ce. Ki mayar masa da hannunki."

Mista Kuo kuwa ya riga ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a ya yi mini sallama, don ranar Asabar zai koma Taiwan gaba ɗaya. Ranar Talata na gano. Kwana uku ke nan tsakanina da tsohon, ga mamaci da amana a wuyansa.

*

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Turai, matar Ɗalha aminin Surajo. Kafin azahar duk Bahaushen da ke garin ya ji. Kafin la'asar sun gama shari'a, sun yanke wa Hudu hukunci.

Hudu ɗalibi ne, yana sayar da kayan gwanjo a kasuwar ranar Asabar, kuma an gan shi ran sadakar uku ya fita daga gidana da abu a naɗe cikin tawul. Shi ke nan. Aka ce dama idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wata ta ce tun ranar da ya ci tuwo da cokali ta san ba za a wanye lafiya ba. Wasu suka ce a kira 'yan sanda. Na ce in gaya musu me, an sace mini buta mai girman dunƙulen hannu a gidan da mutum sittin suka shiga suka fita?

Ina takaba, ba zan bi gidaje ba. Sai na yi waya gonar shanun da ke McLeansville, na ce a gaya wa Baba Sanda ina nemansa.

Baba Sanda mutumin Tangaza ne. Kafin wani likitan dabbobi ya kawo shi Amurka tatsar shanu, shi ake kira in an kore garke, ya bi sawu kwana da kwanaki har ya tsaya a ƙofar ɓarawo. Ya iso da hantsin Laraba cikin takalman roba, ya cire su a waje, ya yi mini ta'aziyya ta biyu kamar bai yi ta farko ba. Na ba shi labari. Da na zo kan yadda butar ta zo gidanmu sai ya gyaɗa kai.

"Ashe kiwo aka ba shi," in ji shi. "To, ba ƙaramin abu ba ne."

Na ce ya je ya titsiye Hudu. Ya ce in ba shi kujera. Ya ajiye ta gaban kanta ya zauna yana kallon butoci uku. Na shiga kicin na wanke kwanoni na fito, yana nan. Na shiga na share ɗaki na fito, yana nan.

"Baba, butocin ba za su yi magana ba."

"'Yata, ke dai gaya mini halin kowace. In aka ce an kore saniya, ba na tambayar wa ya kore. Ina tambaya wace iri ce."

Wannan shi ne karatun da Surajo ya shekara biyar yana cusa mini ina ce masa duk buta buta ce. Yanzu ga ni ina biya shi ga mai tatsar shanu. Sinawa suna da sunan kowace siffa, ni na kasa riƙewa na raɗa musu nawa. Na ɗauko ta farko na ce wannan Kumatu ce, zagayayya kamar kuncin yarinya ƙosasshiya, bakinta ɗan tsugul, murfinta ya haɗe da jikinta har ba ka ganin tsaga. Surajo ya ce Sinawa sunan wata kyakkyawa ta can zamanin baya suka ba ta. Ita kowa ke fara ɗauka in ya zo. Amma gindinta ƙarami ne, ka taɓa ta kaɗan ta yi rawa, kuma in ba ka iya zuba ta ba sai ta ɗiga maka a zani. Ta biyu Ganga, gajera, cikinta ya bazu gefe kamar an danne ta daga sama, murfinta faɗi, manyan ganye na shiga ba wahala. Ta uku Rijiya, gefenta a miƙe kamar bakin rijiyar siminti, ga nauyi, ga riƙe zafi, amma zubarta a hankali take kamar ana roƙonta.

"Wadda ta tafi fa?"

Na ce ita Sinawa da kansu suke kira ludayin dutse, ko da yake har yau ban ga ta inda ta yi kama da ludayi ba. Ta fi sauran girma. Ƙasanta faɗi, samanta ya tsuke, kamar an yanke kan tulin gero. Murfinta shimfiɗaɗɗe ne da ɗan mariƙi kamar gada. Bakinta a miƙe yake, in ka karkata ta ruwa ya fita kamar kibiya. Ba ta da kyau ko kaɗan. Kuma ita kaɗai ke da ƙafa, 'yan ƙafafu uku kamar maɓallan riga.

Ya miƙe ya sunkuya a kan kanta. Kwana tara ba a goge ta ba. Inda sauran suka zauna zobe ne a cikin ƙura, inda Ludayi ta zauna ɗigo uku ne da ƙura ta fara rufewa. Ya ce Allah ya taimake ni ban kai tsumman wurin ba. Ya nemi tsintsiyar gida, ya zaro tsinke, ya auna tsakanin ɗigo da ɗigo, ya karya daidai, ya soke a naɗin hularsa.

Sai ya ce in zuba ruwa a kowace in tsiyaye daga sama yana kallo. Na yi, raina a ɓace. Kumatu ta jiƙa mini hannu. Ganga ta watsar. Rijiya ta yi ta jan rai. Ya ce to, ya ji. Na ce ya ji me? Ya ce a kira masa Hudu.

*

Hudu ya zo idonsa ja. Ya durƙusa ya gaishe ni bai ɗago ba. Ya ce ranar Talata a masallaci ya miƙa wa mutum uku hannu suka yi kamar suna tasbihi. Baba Sanda bai tambaye shi buta ba. Ya tambaye shi abin da ke cikin tawul. Ya ce rediyon Surajo ne, wanda yake jin labaran gida da shi. Wayar rediyon ta tsinke tun kafin a kwantar da Surajo, Hudu ya yi masa alkawarin gyarawa bai samu yi ba. Ya ɗauka ne ya gyara ya dawo mini da shi, don in riƙa jin Hausa a gidan. Ya fita mota ya ɗauko. Ga shi nan, yana magana.

Kunya ta kama ni, ita ma ta koma haushi. Na ce me ya hana shi faɗa tun jiya? Ya ce, "Anti, ba wanda ya tambaye ni."

Baba Sanda ya nuna masa butoci uku ya ce in a teburinsa na kasuwa ne, wace za ta fara tafiya? Hudu bai yi tunani ba ya nuna Kumatu. Ya ce Turawa zagaye suke so. Aka tambaye shi wadda ta ɓata fa, ya ce shi ko lura da ita bai taɓa yi ba.

*

Da yamma Dokta Ubale ya iso ba a kira shi ba. Malami ne a jami'a, mutumin kirki, sai dai in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogo. Wata ta ce ta ga butar yumɓu a kabad ɗin falonsa, maganar ta je kunnensa, ya naɗo ta a jarida ya kawo. Ya ajiye ta a tebur ya ce a duba, shi ba a taɓa yi masa irin wannan cin fuska ba tun da ya baro Zariya. Daga nan ya shiga tarihin yumɓun ƙasar Sin.

Na ce Dokta, ba ita ba ce. Bai ji ba. Na ce tasa siffar Ganga ce, ga ta da ƙyalli kamar tangaran, ga hoton tsuntsu, ba ta da ƙafa ko ɗaya. Ya ce ai abin da yake ƙoƙarin bayyanawa ke nan. Ya ƙara rabin awa yana bayyanawa.

Baba Sanda ya bar shi ya gaji, sannan ya tambaye shi inda ya zauna ran sadakar uku. Ya ce a bayan gida, wajen wuta, don sanyin Maris bai gama fita ba. Su wa ke wajen wutar? Ya ce mutane na zuwa suna tafiya, amma waɗanda suka daɗe shi ne, da Ɗalha mai dafa shayi, da Hudu mai kai kofuna. Ya ce shi bayansa ya ba wutar, yana yi wa wasu bayani a kan hukuncin binne Musulmi a ƙasar nan.

Da ya tafi na ce, "Baba, yau ta wuce. Ka wanke mutum biyu, ba ka kama kowa ba."

"Gobe ma rana ce," ya ce, ya sa takalmansa na roba.

*

Ranar Alhamis bai shigo falo ba, bayan gida ya zagaya. Na leƙa ta tagar kicin na gan shi tsugune gaban kurfotin gawayi, yana tona toka da kara. Ya dubi matakalar siminti, ya dubi katakon baranda, ya shafa su da yatsa. Daga nan ya koma kan kulolin da mata suka kawo abinci a ciki, guda bakwai, na wanke na jera ban samu mai mayarwa ba. Yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana karkata murfi wajen rana. A ta biyar ya tsaya. Ya zaro tsinken daga hula.

Ya kira ni. A kan farin murfin roba akwai ramuka uku ƙanana, robar ta narke ta yi baƙi-baƙi a gefe. Ya ɗora tsinken tsakanin na farko da na biyu, ya zauna daidai. Na biyu da na uku, daidai.

"Ga sawunta," ya ce. "Nan ta tsaya, ƙafafunta da zafin da zai narkar da roba. Ruwan zafi ba ya yin wannan. Daga kan garwashi aka sauke ta."

Na zauna a matakala. Surajo ya sha gaya mini waɗannan butoci ba a ɗora su a wuta. A wani abu ake tafasa ruwa a zuba musu. Ya ce in ta hau garwashi tsagewa za ta yi.

Baba Sanda ya ce tun jiya ya san ba sata ba ce. Ɓarawo zai ɗauki mai kyau, ko ya kwashe duka huɗu, aljihun riga ɗaya ya ishe su. Wanda ya shiga garke ya bar karsana ya ja takarkari ba kasuwa za shi ba, kaya zai ɗora. Mai wannan aiki ya tsaya gaban kanta ya zaɓa. Ya bar Kumatu don za ta kife a kan gawayi, ya bar Ganga don ba ta zuba daga sama, ya bar Rijiya don jan ranta. Ya ɗauki mai faɗin gindi mai harba ruwa, wadda za ta tayar da kumfa a kofi.

Na juya kular. A gefe an rubuta Turai da jan farce. Na ce shi ke nan, Ɗalha ne. Ya ce in yi a hankali. Kula ta faɗi inda buta ta tsaya, ba ta faɗi hannun da ya ajiye ta ba, kuma a garin nan an riga an rataye mutum ɗaya saboda tawul. Ya ce in tara su gobe da hantsi kafin Mista Kuo ya zo, in ce Baba Sanda zai yi wa mamaci sadakar shayi. Ya ce kuma duk abin da na ga ya yi, kada in buɗe baki.

"Ko me ka yi?"

"Ko me na yi. Na san abin zai yi miki wuya."

*

Suka zo. Dokta Ubale, Hudu, Ɗalha da Turai, da wasu mutum huɗu cikin waɗanda suka fi kowa baki ranar Talata. Aka shimfiɗa tabarma a bayan gida, ni ina zaune a bakin ƙofar kicin.

Ɗalha mutumin Maraɗi ne, yana aikin ɗaukar kaya a wani sito da ke titin Wendover. Shi ya wanke Surajo da hannunsa, shi ya fara shiga kabari ya karɓe shi. Ranar ya rame, na ɗauka duk mutuwar ce. Ya gaishe ni yana kallon tabarma.

Baba Sanda ya hura gawayi har ya yi ja. Ya fito da ganyen shayi da sukari da na'ana'a. Sai ya dafa aljihu ya ce kash, ya manta butar ƙarfensa a gona. Ya shiga ciki, ya fito riƙe da Rijiya. Ya cika ta da ruwan famfo mai sanyi.

Na danne harshena da haƙori. Wannan ita Surajo ya fara saya, da kuɗin da ya kamata ya sayi rigar sanyi.

Ba wanda ya motsa. Me zai sa su motsa? Kowa a wurin a gindin tukunyar ƙasa ya girma. Hudu yana jera kofuna. Dokta Ubale ma cewa ya yi ai shayin tukunyar ƙasa ya fi na ƙarfe lafiya, tunda yumɓu daga wuta ya fito, wuta ba baƙuwarsa ba ce. Baba Sanda ya ce haka ne, Dokta. Ya gyara garwashi da kara, ya miƙa hannu, gindin butar ya kusa taɓa wuta.

"Baba, kada ka ɗora."

Ɗalha ne. Bai ɗaga murya ba.

Baba Sanda bai janye hannu ba. "Don me, Ɗalha?"

"Tsagewa za ta yi."

"Tukunyar ƙasa ce fa. Ga Dokta ya faɗa."

"Ba irin tamu ba ce. Ƙara ɗaya za ta yi, kamar an karya kara."

Sai a lokacin Baba Sanda ya ajiye Rijiya a kan tabarma. Ya jawo kular daga bayansa ya juya murfinta sama, ya ɗora tsinkensa a kai.

Ɗalha ya faɗa da kansa. Ran sadaka mutane sun yi yawa, butarsa ta ƙarfe guda ɗaya ta kasa. Ya shiga neman wata, mata sun cika kicin, ya ga kanta. Ya ce a ransa kayan Surajo ne, a sadakar Surajo, ladan ma nasa ne. Ko tafasa ba ta kai ga yi ba ta tsage. Ya sauke ta a kan kula, ya rufa mata hula, ya kai but ɗin mota. Ya yi niyyar gaya mini in an kwana biyu. Sai ya ji ta Mista Kuo ce, bakinsa ya mutu. Kwana uku yana zagaya kantuna daga Wendover har High Point yana neman irinta, duk wadda aka nuna masa ko zagayayya ce ko mai fure.

Turai ta sa gyale a fuska. Ita ce ta fara kiran sunan Hudu ranar Talata, a kan kujerata.

Na ce, "Ɗalha, butar ba ta dame ni kamar shirunka ba. Kana tsaye a sahu aka ƙi karɓar hannun yaron nan."

Ya ce haka ne.

"In an idar da Juma'a yau, ka miƙe ka faɗa a gaban waɗanda suka ƙi karɓa. Yanzu je ka ɗauko ta."

Dokta Ubale ya fara cewa a gaskiya shi tun farko ya yi zargin akwai bambanci tsakanin yumɓu da yumɓu. Na ce Dokta, don Allah.

*

Mista Kuo ya zo bayan la'asar, cikin kwat da hular sanyi, da lemo a leda. Na sa Ɗalha ya tsaya a wurin, amma ni na miƙa, da hannuna, kamar yadda aka ce mini. Turancina na kasuwa ne, don haka na ce Hudu ya fassara, kuma kada ya ƙara gishiri.

Tsohon ya warware hular da aka naɗe ta. Gindinta ya yi baƙi ƙirin. Tsagar ta taso daga ƙafa ɗaya ta hau har kafaɗa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire murfin ya kai hanci.

"Na'ana'a," in ji Hudu. "Ya ce da sukari."

Na ce a gaya masa duk yadda aka yi, kuma a gaya masa Surajo yana kabari aka yi. Hudu ya faɗa. Ɗalha ya matso ya fara ba da haƙuri, Hausa da Faransanci da Turanci a haɗe. Tsohon bai dube shi ba. Ya ce shekara sittin ganye ɗaya butar ta sani.

Na ce, "Hudu, ka ce masa a wurinmu mamaci ba ya hutawa da kayan wani a hannunsa. Ni ba haƙurin buta nake nema ba. Ina so in ji ko mijina ya fita."

Mista Kuo ya juya butar zuwa gefen da wuta ba ta taɓa ba. Ya goga babban yatsansa a kafaɗarta, inda ta yi sheƙi kamar goshin da aka shafa wa mai. Ya yi magana a hankali, Hudu na bi. Ya ce lokacin da ya kawo ta wannan sheƙin bai kai haka ba. Ba a sayensa, ba a yinsa da sabulu, hannu ne kullum kullum. Ya ce wannan gefen na Surajo ne, kuma ya fi yadda shi kansa yake yi. Ya ce akwai wani tsoho a garin da za shi mai ɗinke irin wannan tsaga da 'yan ƙusoshin ƙarfe. Baba Sanda ya ce ashe su ma suna ɗinkin ƙwarya. Amma, in ji Mista Kuo, za ta yi ta warin na'ana'a har ya mutu, kuma shi ba abin da ya ƙi jini kamar na'ana'a.

"Ya karɓa ko bai karɓa ba?" na ce.

Hudu ya tambaya. Tsohon ya dube ni, ya sa butar a aljihun kwat, ya dafe ta da hannu.

"Ya ce ya karɓa, Anti. Ya ce Surajo ya mayar."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Da zai fita ya sunkuyar mini da kai, ya gaisa da Baba Sanda, ya gaisa da Hudu, ya wuce Ɗalha kamar ginshiƙi.

Baba Sanda ya jefar da tsinkensa a toka, ya ce shanu na jiransa. Na ce ko ruwa bai sha ba. Ya ce ya ga abin da shayi ke jawowa a gidan nan.

Da gidan ya yi shiru na kunna rediyon, na tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe. Na ɗauko Kumatu, na ɗauraye ta da ruwan zafi, na sa ganye, na jira kamar yadda na sha ganin Surajo yana yi ina yi masa tsiya. Da na zo zubawa sai ta ɗiga mini a zanin takaba, ɗigo biyu, daidai yadda yake cewa za ta yi wa wanda bai iya ba. Na ce mata, "Ke ma?" Na ɗaga kai don in gaya masa butarsa ba ta da mutunci, sai na ga kujerarsa.